Na ba da kafin alƙalamin Porsche ban gaya wa maiɗakina ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 39, ina aiki a Abuja, mahaifiyata kuma tana Zariya. Ina da mata ɗaya da yara biyu, na uku yana hanya. Tun ina sakandare nake da hoton Porsche 911 manne a bangon ɗakina, na kuma yi wa kaina alkawari cewa duk ranar da Allah ya buɗa mini sai na mallake ta. To, bana Allah ya buɗa. Wani dillali ya samo mini ƙirar 2013 wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma idan na sayar da tsohuwar Camry ɗin da muke hawa, na haɗa da mafi yawan abin da na tara, kuɗin zai kai. Na riga na ba shi kafin alƙalami ban gaya wa maiɗakina ba, sai a wayata ta ga saƙon banki, kuma tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ita so take in sayi Marsandi E-Class ko Lexus ES mai ƙofa huɗu. Yayana ya ce motar samari ce, ba ta dace da mai iyali ba, kuma Hajiyarmu da ke fama da ciwon gwiwa ba za ta iya shigarta ba. Ni kuwa duk lokacin da na kalli motocin da suke so sai in ga kamar motar ofis ce, ba sa motsa mini zuciya ko kaɗan. Gumina ne, ban taɓa hana gidana komai ba. Dillalin ya ba ni mako biyu in cika kuɗi. Mene ne shawararka?

Wani magidanci, daga Abuja

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a abin da ya ba ka, ya kuma sauki maiɗakinka lafiya. Ba na cikin masu ganin son mota mai kyau a matsayin aibi, domin ya zo a hadisi cewa abin hawa mai daɗi yana daga cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, tare da mace ta gari da gida mai yalwa da maƙwabci na kirki. Kuma wanda ya riƙe buri ɗaya tun yana yaro har ya kusa shekara 40 bai sake shi ba, bai cancanci a yi masa dariya ba. Saboda haka ba zan ce maka motar samari ce ba kamar yadda Yayanka ya ce, ko da yake, kamar yadda za ka gani, yana da gaskiya a wani wurin da ya fi wannan muhimmanci.

Idonka ma bai yi kuskure ba. Porsche 911 tana cikin 'yan motocin da ake gane su daga nesa ko da an cire musu tambari. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a Jamus a 1963 da sunan 901, sai kamfanin Peugeot, wato masu Fijo ɗin da iyayenmu suka hau, ya ce lamba uku mai sifili a tsakiya hakkinsa ce, shi ya sa aka mayar da ita 911. Daga wancan lokaci zuwa yau zanenta bai bar asalinsa ba: fitilu biyu masu da'ira a gaba, hanci mai gangarowa ƙasa, rufi mai zubowa baya kamar ɗigon ruwa, sannan ƙugu mai faɗi a kan tayoyin baya. Wannan siffa ba don ado kaɗai aka yi ta ba. Injinta a can baya yake, bayan tayoyin baya ma, shi ya sa gabanta ya samu damar yin ƙasa, bayanta kuma ya yi faɗi domin ya ɗauki nauyi. Duk abin da ke jikinta an jera shi ne a kewayen mutum ɗaya, wato mai riƙe da sitiyari, sauran duk wanda ya shiga kuwa baƙo ne da aka ɗan matsa masa wuri.

Salun mai ƙofa huɗu kuma daga wani tunanin daban ta fito. Masu zana ta suna raba ta gida uku, wurin inji a gaba, ɗakin mutane a tsakiya, but a baya, kuma daga kujerar baya suke fara lissafi: inda gwiwa za ta tsaya, inda kai zai kai, da yadda ƙofa za ta buɗe dattijo ya shiga ba tare da ya durƙusa ba. Wannan ne ya sa rufinta yake tafiya a miƙe maimakon ya zube, kuma wannan miƙewar ce kake gani kake cewa motar ofis. Kyanta irin na babbar riga ne, ba ya fizgar ido a kallon farko, amma yana ƙara wa mai shi kwarjini. Ban ce sai ka so shi ba. Ina dai so ka lura cewa bambancin da ke tsakanin motocin nan biyu ba na wadda ta fi wata kyau ba ne, bambanci ne na wanda aka ƙera motar dominsa, kuma a gidanku a yanzu mutanen da za su riƙa shiga motar sun fi wanda zai riƙa tuƙa ta yawa.

Yi wannan lissafin da kanka. Nan da 'yan watanni ku biyar ne, ita kuwa 911 kujera huɗu gare ta, biyun baya kuma ƙanana ne ƙwarai, ba a yi su don babba ya yi doguwar tafiya a kansu ba. But ɗinta a gaba yake, yana ɗaukar lita 130 ko kusa da haka, wato akwati ɗaya matsakaici da 'yar jaka, alhali but ɗin E-Class ya haura lita 500. Yanzu kawo ranar Sallah a zuciyarka, kun isa ƙofar gida a Zariya, Hajiya ta ce a kai ta gaisuwa unguwa. Sai ka buɗe doguwar ƙofar nan, ta riƙe kafaɗarka, ta sunkuya ta sauka zuwa kujerar da ke kusa da ƙasa kamar mai zama a kan tabarma, ga gwiwa tana ciwo. Shigar ma da sauƙi a kan fitar, domin sai an ɗago ta. Na tabbata ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ce Allah ya sa albarka, amma gobe idan ka ce a tafi, za ta ce a kira mata mai a-daidaita-sahu. Kai kanka ranar Juma'a, da babbar riga da doguwar hula, za ka gane cewa masu zana motar ba su taɓa ganin zanna-bukar ba. A nan ne Yayanka yake da gaskiya.

Sai dai kafin in ci gaba da maganar ƙarfe, akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka, kuma jumla ɗaya kacal ka ba shi. Ka ce a wayarka maiɗakinka ta ga saƙon banki. Ina kyautata zaton ba ƙofa biyu ko ƙofa huɗu ne suka sa ta yi shiru ba. Mace mai ciki, wadda take lissafin asibiti da suna da kuɗin makaranta, ta wayi gari ta ga an fara taɓa ajiyar gida, an kuma ƙulla sayar da motar da take kai yara makaranta a ciki, duk ba a ce mata uffan ba. Kuɗinka ne, gaskiya ne, babu wanda zai ce dole sai da izininta za ka kashe su. Amma Camry ɗin nan ƙafarta ce ita ma, kuma kai da kanka ka san dalilin da ya sa ka ɓoye: ka san abin da za ta ce, ka kuma san ba ka da amsa. Da ta ce ka sayi Marsandi ko Lexus, ba ta ce kada ka ji daɗin kuɗinka ba, ai motocin da ta ambata ba na talaka ba ne. Abin da take cewa shi ne ka sayi abin da ita da yaranta suke da wuri a cikinsa.

Saboda haka matakin farko ba a wurin dillali yake ba, a ɗakinta yake, kuma kada ya wuce daren yau. Ka ba ta haƙuri a kan ɓoyewar kaɗai, ba tare da ka haɗa da kare motar ba, domin idan ka haɗa su za ta ji kamar ciniki kake yi da haƙurin. Bayan ta sauko, wata ranar daban, sai ka ba ta labarin hoton nan na bangon ɗakinka, da yadda kake kallonsa lokacin da ko keke ba ka da shi. Mai yiwuwa ba ta taɓa jin wannan daga bakinka ba, ita dai ta ga miji ya tashi zai kwashe ajiya ya sayi abin wasa. Mata da yawa suna iya taya miji riƙon buri idan aka sa su a ciki tun farko, abin da ba sa yafewa da wuri shi ne su ji labari a bakin waya.

Yanzu ga maganar riƙo, domin sayen irin wannan mota shi ne mafi sauƙin abin da ke cikinta. Tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa ba ta wuce santimita 10 zuwa 12 ko makamancin haka ba, hancinta kuma dogo ne. A manyan titunan tsakiyar Abuja ba za ka ji komai ba, amma duk tudun rage gudu da ke cikin unguwa, duk kwalbatin ƙofar gida, sai ka karkace ka hau shi a hankali da taya ɗaya-ɗaya kana sauraron ƙarar gogar ƙasa, masu babur na bayanka suna ta oda. Wasu daga cikin irin motocin suna da na'urar ɗaga hanci, amma ba kowace ke da ita ba, sai wanda ya saye ta sabuwa ya biya an saka. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, gefensu siriri ne, rami ɗaya a hanyar Kaduna zai iya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfen da take kai. Ga shi ba ta zuwa da safaya, sai ɗan ruwan liƙi da famfo. Ka tambayi kanka wane mai faci ne tsakanin Jere da Kaduna yake da tayar da za ta shiga.

Sannan ga inji. Ƙirar 2013 tana cikin zubin da ake kira 991, inji mai silinda shida a kwance, na Carrera lita 3.4 mai ƙarfin doki 350, na Carrera S kuma lita 3.8 mai ƙarfin doki 400. Idan ka buɗe murfin baya ba injin za ka gani ba, fanka biyu ne da wurin zuba mai da ruwa, sauran aiki sai an ɗaga motar ko an kwance bayanta. Lagiretocinta a gaba suke, ƙasa-ƙasa cikin bamba, inda ƙura da ganye da leda suke taruwa, ka kuwa san ƙurar hunturu. Kamfanin yana so a zuba mata fetur mai lambar inganci 98, alhali a mafi yawan gidajen manmu fetur iri ɗaya ne ake sayarwa, wanda ake zuba wa janareta shi ake zuba wa kowa. Za ta tashi, za ta yi tafiya, domin kwamfutarta tana rage ƙarfi ta daidaita, amma ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka samu duka ba. Ko ka same shi ma, motar da ke kusantar kilomita 300 a awa za ta yi rayuwarta ne a ƙasar da dokar hanya ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a kan babban titi.

Bakanike kuwa shi ne babbar tambaya. Injin V6 mai lita 3.5 da ke cikin Lexus ES 350 dangin wanda ke cikin wasu Camry da Avalon ne, shi ya sa daga Apo a Abuja zuwa Panteka a Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da wuya ka rasa wanda ya san shi da wanda ke sayar da kayansa. Marsandi ma tana da tsofaffin masu gyara a garuruwanmu tun zamanin Bibut. Ita 911 tana buƙatar wanda ke da na'urar binciken da ta dace da ita, wanda kuma ya taɓa buɗe irin giyarta, kuma waɗannan ƙalilan ne. Kayan gyaranta mafi yawa sai an yi odarsu daga waje da dala ko yuro, ka kuma san inda naira ta koma tun da aka sake ta ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu. Abu ƙarami zai iya kwantar da ita mako uku tana jiran kaya. Mai mota uku ba zai damu ba, zai ɗauki wata. Kai da ka sayar da Camry, da me za a kai mai naƙuda asibiti da ƙarfe biyun dare?

Ga inshora ma. Tun daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa ta mayar da mafi ƙanƙantar inshorar ƙananan motoci naira 15,000 a shekara, amma wannan ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba taka ba. Cikakkiyar inshora, wadda ita ce ta dace da mota irin wannan, ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba duk shekara, akwai kuma tsarin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, ga mai son sa. Ka ɗauki farashin da dillali ya faɗa maka ka lissafa kashi 5 cikin 100 nasa, ka ƙara kuɗin taya huɗu da juyen mai, ka ga ko abin da zai rage a ajiyarka zai ɗauki ko da shekara ɗaya.

Adalci ya sa in faɗa maka inda kai ma kake da hujja, kada maiɗakinka da Yayanka su ɗauka salun ɗin alfarma ba ta da nata ciwon. A kasuwannin Turai da Amurka 911 tana cikin motocin da suka fi riƙe darajarsu, manyan salun irin su S-Class da BMW 7 Series kuwa suna cikin masu saurin faɗuwa, domin mai kuɗin sayen sabuwa ba ya son tsohuwa, mai sayen tsohuwa kuma yana tsoron gyara. Tsoron nasa yana da dalili: da yawansu a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin, kuma ranar da ɗaya ta huce za ka fito da safe ka tarar da mota ta durƙusa kamar raƙumi. Marsandin da aka sa wa manyan ƙafafu da siraran tayoyi ita ma ba ta ga maciji da rami. Sai dai riƙe daraja a Jamus daban, samun mai saye a nan daban. Idan ka sa ES 350 a kasuwa da safe, kafin la'asar an fara taya ta. Masu neman 911 a duk Arewa ba su da yawa, kuma ranar da buƙata ta taso maka da gaggawa, su ne za su yanka farashi, ba kai ba.

Na san wani zai ce maka ga hanyar tsakiya, ka sayi mota mai ƙofa huɗu da jinin tsere. Akwai su kuwa, kuma ba sabon abu ba ne. Maserati ta Italiya ta fitar da Quattroporte a 1963, shekarar da aka nuna 911, sunan ma ba ya nufin komai illa ƙofa huɗu. BMW ta kawo M5 a tsakiyar shekarun 1980, Marsandi ta kawo CLS a 2004 mai rufi zubabbe kamar na mai ƙofa biyu, ita Porsche da kanta ta kawo Panamera a 2009. Amma ka yi hattara da wannan sulhun. Panamera ta farko kujera huɗu gare ta, haka CLS ta farko, ke nan ba su warware lissafin mutum biyar ba. Zubabben rufin yana cin wurin kan na baya, ɗaurin ɗankwali sai ya taɓa sama. Kuɗin riƙonsu kuma bai yi ƙasa da na 911 ba, wani lokacin ma ya fi. Abin da na fi tsoro shi ne ka kashe kuɗin duka, iyali ba su sake ba, kai kuma duk lokacin da ka kalle ta ka san ba ita ce ta jikin bangon ba. Idan Panamera ta burge ka don kanta, wannan wata magana ce, amma kada ka saye ta a matsayin maganin rigima.

Shawarata ita ce kada ka cika kuɗin nan a kan sharaɗin sayar da Camry da kwashe ajiya. Ita 911 mota ta biyu ce, ko ta uku, haka mafi yawan masu ita suke riƙe ta ko a ƙasar da aka ƙera ta. Hanya biyu nake gani a gabanka. Ta farko, ku sayi salun mai lafiya wadda ba za ta cinye fiye da rabin abin da ka tara ba, sauran kuma ka raba shi biyu, kaso ɗaya na gida wanda ba a taɓawa, ɗaya kuma ka buɗe masa asusu na daban da sanin maiɗakinka, ka gaya mata ƙarara cewa wannan na Porsche ne. Tsakanin biyun da ta ambata, idan kwanciyar hankali kake nema Lexus ce, idan kuwa kana son ka ɗan ji hanya a hannunka, E-Class da BMW 5 Series sun fi ta, domin tayoyin baya ne ke tura su kamar motar da kake so, ita ES kuwa na gaba ne ke jan ta. Ka tuƙa su kafin ka yanke musu hukuncin motar ofis, ina zaton ba ka taɓa zama a bayan sitiyarinsu ba.

Hanya ta biyu, idan Camry ɗin tana da sauran ƙarfi, ku bar ta, a gyara ta sosai, kada a sayi komai bana, a ci gaba da tari har ranar da za ka iya sayen 911 kana da motar iyali a gefe, kana kuma da kuɗin riƙonta na shekara biyu a ajiye. Wannan ta fi kusantar da kai ga burinka, amma tana nufin maiɗakinka ta haƙura da sabuwar mota saboda kai, don haka ba hukuncin da za ka yanke kai kaɗai ba ne. Ka shimfiɗa mata duka biyun, ka bar ta ta yi magana har ta gama.

Akwai kuma abin da zan so ka yi wa kanka kafin lokacin. Ka taɓa tuƙa 911 kuwa, ko a hoto da bidiyo kuka saba? Nemi wanda ke da ita, ko ka roƙi dillalin ya ba ka awa biyu tare da yaronsa, ka bi ainihin hanyar da kake bi kullum, daga ƙofar gidanka zuwa makarantar yara zuwa ofis, a lokacin cunkoso ba da tsakar dare ba. Ka kuma lura da idanun da za su bi ka a kowace danja da kowane shingen bincike, domin a halin tsaron da ake ciki, motar da babu irinta a gari tana sanar da kowa inda kake da lokacin da ka fita, kuma 'yan uwa a Zariya za su sake lissafin abin da suke zaton kana da shi. Wasu suna sauka daga irin wannan gwaji son ya ƙaru, wasu kuma suna sauka sun huce. Kowanne ya same ka, ka san a kan me kake tara kuɗi.

Game da Yayanka, kada ka tsaya gardamar ko motar ta samari ce. Ka gaya masa ka ji maganarsa a kan Hajiya, kuma ba za ka sayi motar da ba za ta iya shiga ba a matsayin motar gida. Wannan ya ishe shi, sauran tsakaninka da iyalinka ne. Hajiya kuwa ba sai labarin ya kai kunnenta ba.

Saura dillali da mako biyunsa. Wa'adi irin wannan kayan aikin sana'arsu ne, kada ya tsorata ka, motar da masu sayenta ƙalilan ne ba ta gudu. Ka je wurinsa da mutum ɗaya mai mutunci wanda ya san ku duka, ka gaya masa gaskiya cewa lissafin gida ya canza. Idan kun rubuta sharaɗi a kan kafin alƙalamin, a bi abin da aka rubuta. Idan ba ku rubuta ba, ka nemi ya mayar maka, ko ya cire wani abu na wahalarsa, ko kuma, abin da dillalai suka fi saurin yarda da shi, ya juya kuɗin a kan salun ɗin da za ku saya ta hannunsa. Ko da wani kaso zai salwanta, bai kai kuɗin taya huɗu na motar da ka fasa ba.

Kuma duk motar da za ku saya a ƙarshe, kada a yi cinikin biri a sama. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka da dama an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, a gyara fuska a fesa fenti. Ka karɓi lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, ka biya a binciko maka tarihinta a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjon ana samu. Ka tabbatar da takardun kwastam na gaske ne kuma lambar da ke kansu ita ce a jikin motar, musamman da yake a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. Ka kai ta wurin bakaniken da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya nuna ba, a ɗaga ta a duba ƙarƙashi, a ɗaga kafet a shinshina. Ranar da za ku je dubawa ka tafi da maiɗakinka da kujerar jaririn, a ɗaura ta a baya a gani, ita kuma ta zauna a gefenta ta miƙe ƙafa, ta gaya maka ko akwai wurin Hajiya.